Daga "Abin Ya Ƙi" Zuwa Faci: Yadda Ake Riƙon Rahoton Matsalar Manhaja

Rahoton ya zo mini ne ta saƙon murya, bayan sallar isha'i. "Malam, barka da dare. Abin nan naku fa ya ƙi, sunayen yara duk sun lalace, ga shi jibi za mu raba sakamako." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Malamin wata makaranta ne da ke amfani da 'yar manhajar rajistar ɗalibai da muke kula da ita mu uku, kyauta, a ɗan lokacin da ya rage mana bayan neman abinci. Bai faɗi sigar da ke kwamfutarsa ba, bai faɗi abin da ya danna ba, kuma ban ga laifinsa ba, shi aikinsa koyarwa ne. Mayar da wannan kuka ya zama abin da hannu zai iya kamawa, wannan nauyi a wuyan mai kula da manhaja yake, kuma shi nake so mu bi daki-daki. Zan riƙa jingina da yadda mutanen Debian da Linux (tsare-tsaren tafiyar da kwamfuta) da na Mozilla (masu manhajar shiga intanet ta Firefox) suke yi, don sun daɗe a harkar, kuma kundinsu a buɗe yake ga duk mai son ya leƙa.

Da farko, rahoto ya samu gida da lamba

Kafin in amsa wa malamin komai, sai da na buɗe kundin matsalolinmu na rubuta abin da ya faɗa, kalma da kalma, rahoton ya samu lamba. Duk ƙorafin da ya tsaya a WhatsApp ko a cikin kanka, ka ɗauka ya ɓata. Gobe wani saƙo zai danne shi, kuma abokan aikinka ba su san da shi ba balle su taimaka.

Manyan ayyuka sun gane haka tun da wuri. Ian Jackson ya fara rubuta wa Debian kundinta a 1994, kuma har yau da imel yake aiki: ka aika saƙo ka ambaci sunan fakiti, wato manhajar da Debian ta shirya don girkawa, da sigarsa, na'ura ta ba rahoton lamba, ta tura wa mai kula da fakitin, ta kuma aiko maka da shaidar karɓa. Daga nan wannan lambar ta zama adireshi, duk wanda ya rubuta mata, maganarsa ta shiga tarihin rahoton. Lambobin Debian tuni sun haura miliyan ɗaya. Mozilla kuwa Bugzilla take amfani da ita, wadda Terry Weissman ya rubuta a 1998. Ƙananan ayyuka irin namu galibi sashen rahoto na GitHub ko GitLab, shafukan da ake ajiye ayyukan manhaja, ya ishe su. Kowanne ka zaɓa, ya zama guda ɗaya tal, kuma ka rubuta a fili inda mutane za su same shi.

Sannan ka amsa da wuri, ko da ba ka da gyara a hannu. "Mun gani, lambar rahotonka kaza, za mu yi maka 'yan tambayoyi" ya wadatar. Wanda ya zauna ya rubuto maka matsala ya yi maka aikin gwaji ne ba tare da ka biya shi ko sisi ba. In ya ji shiru, ba zai sake rubutowa ba, matsalar kuma tana nan daram.

Tambayoyin da ke mayar da kuka ya zama bayani

Abubuwa biyar nake nema a kowane rahoto: sigar manhajar, irin na'urar da tsarin da ke kanta, matakan da mutum ya bi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya sa ran gani, da abin da ya gani a zahiri. Akwai ta shida da na fi so fiye da sauran: "Da can yana aiki?" Amsarta kan rage rabin wahala, za ka ga dalili nan gaba.

Debian ta sauƙaƙa wannan da manhajar reportbug, wadda ke tattara sigar fakitin da ta duk fakitocin da ya dogara da su, har da tsarin harshen kwamfutar, ta cusa su cikin rahoton da kanta. A GitHub za ka iya tsara fom da zai fito wa duk mai buɗe sabon rahoto. Ka yi fom ɗin gajere. Na sha ganin fom mai tambaya ashirin, wanda ke korar mutumin da ya fi kowa buƙatar taimako.

Da malaminmu, kira na yi. Na ce, "Malam, a ina ka ga sunayen sun lalace, a cikin manhajar ko bayan ka fitar da su?" Ya ce a ciki lafiya lau suke, sai ya danna maɓallin fitar da jerin aji ya buɗe fayil ɗin a manhajar tebur da yake lissafin maki, nan ne abin ke rikicewa. Zangon da ya wuce kuma bai ga haka ba. Na roƙe shi hoton allo. A nan akwai abin kiyayewa: hoton na ɗauke da sunayen yaran mutane da makinsu, kundinmu kuwa duniya ke karantawa. Ban ɗora shi ba. Na kwafi yadda haruffan suka lalace kawai, da suna na misali. Haka za ka yi da duk fayil ɗin da aka turo maka, ka duba ko akwai kalmar sirri, lambar waya ko adireshin wani kafin ya hau kundi.

In ka yi tambaya kana jiran amsa, ka sa wa rahoton alamar haka. Debian na da alamar moreinfo, Bugzilla ta Mozilla na da needinfo, wadda ake ɗora wa mutum takamaimai har ya riƙa ganin ana jiransa. Amfanin alamar shi ne duk wanda ya buɗe rahoton ya san a hannun wa maganar take.

Ka bincika ko an taɓa kawo shi

Minti biyar na bincike a kundi, har da rahotannin da aka rufe. Ka nema da saƙon kuskuren da manhajar ta fitar, don mutane goma za su bayyana matsala ɗaya ta hanya goma, amma saƙon na'ura ba ya canzawa. In ka samu ɗan'uwansa, ka haɗa su. Bugzilla kan rufe sabon a matsayin DUPLICATE ta mayar da mai shi cikin masu bibiyar tsohon, Debian kuma na da umarnin merge. Kafin ka haɗa, ka kwashe duk sabon bayanin da ke cikin na biyun, sau da yawa a can ne mabuɗin yake. Kuma ka gode wa mai shi, domin yawan masu kawo abu ɗaya shi ke nuna maka girman ɓarnar.

Ka sa matsalar ta faru a gabanka

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi yin kasala. A Bugzilla sabon rahoto daga baƙo yakan fara da matsayin UNCONFIRMED, sai wani ya tabbatar da shi kafin ya koma NEW. Hikimar ita ce abin da ba ka gani da idonka ba, ba za ka iya rantsuwa ka gyara shi ba.

Na buɗe manhajarmu, na fitar da jerin aji, na buɗe fayil. Lafiya ƙalau. Na sake, lafiya ƙalau. A irin wannan gaɓar ne shaiɗan ke raɗa wa mai kula da manhaja ya rubuta "a wurina yana aiki" ya rufe. Kada ka yarda. In abu ya yi aiki a wurinka ya ƙi a wurin wani, to akwai bambanci tsakaninku, kuma wannan bambancin shi ne abin nema. Sai na koma kan hoton malamin na ƙura masa ido. Musa lafiya, Amina lafiya, Sani lafiya. Amma inda ya kamata a ga "Ɗanladi", abin da ke wurin shi ne "ÆŠanladi", kuma duk inda ƙ take ta koma "Æ™". Sunaye masu ƙugiya kaɗai abin ya shafa. Jerin sunayen da muke gwaji da shi kuwa babu ɗ ko ƙ ko ɓ ko guda, kuma ni a Linux nake buɗe fayil ɗin, da manhajar da ke gane tsarin haruffan daidai.

Ga abin da ke faruwa. Kwamfuta na ajiye kowane harafi ne a matsayin lambobi da ake kira baiti, kuma a tsarin haruffa na UTF-8, harafin ƙ baiti biyu ne, C6 da 99. In manhaja ta karanta fayil ɗin da tsohon tsarin haruffan Turai ta Yamma, wanda ke ɗaukar kowane baiti a matsayin harafi guda, sai C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Da na ari kwamfuta irin ta malamin na sa suna ɗaya mai ƙugiya, nan take abin ya bayyana. Na rubuta matakan a rahoton, uku kacal, yadda kowa zai iya maimaitawa: ka yi rajistar ɗalibi mai suna da Ɗ, ka fitar da jerin aji, ka buɗe a manhajar tebur kaza. Kullum ka yi ƙoƙarin tankaɗe matsala har ta kai ƙanƙantar da in ka cire abu ɗaya za ta ɓace. Sannan na canza kan rahoton daga "abin ya ƙi" zuwa "haruffa masu ƙugiya na lalacewa a fayil ɗin jerin aji", domin wanda zai zo nema nan da shekara biyu ya same shi.

In ka yi iya yinka abin ya ƙi faruwa, ka rubuta duk abin da ka gwada, ka sa alama irin unreproducible ta Debian, ka bar ƙofa a buɗe.

Muni daban, gaggawa daban

Sababbin masu kula da manhaja kan cakuɗa abubuwa biyu. Muni shi ne girman ɓarnar da matsala ke yi. Gaggawa ita ce matsayinta a layin aikinku. Harafi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba a shafin farko ba shi da muni, amma ana iya gyara shi yau. Manhaja ta rufe kanta a wata tsohuwar na'ura da mutum biyu ke amfani da ita abu ne mai muni, amma yana iya jira.

Debian na da matakan muni bakwai, kuma sun cancanci ka haddace su ko da ba za ka yi aiki da su duka ba. Na ƙoli shi ne critical, wato matsalar da ke karya wasu manhajojin da ba ruwansu, ko ta rusa tsarin baki ɗaya, ko ta jawo babbar asarar bayanai. Sai grave, inda fakitin kansa ya zama ba ya amfanuwa ko yake ɓatar da bayanai. Sai serious, saɓa wa ƙa'idar Debian saɓawa mai tsanani. Daga nan important, normal, minor, sai wishlist na buƙatar sabon abu. Ukun farko suna da haƙori: fakitin da ke ɗauke da ɗayansu ba a so ya shiga sabuwar fitowar Debian, kuma in aka bar shi ba gyara ana iya cire shi daga rukunin gwaji, inda ake shirya fitowa ta gaba. Mozilla ta raba ma'aunin gida biyu, S1 zuwa S4 na muni, P1 zuwa P5 na gaggawa, inda P1 ke nufin a gyara a wannan zagayen, P5 kuma ke nufin ba za mu yi da kanmu ba amma in wani ya kawo faci, wato gyaran da ya rubuta wa manhajar, za mu karɓa.

Ƙaramin aiki matakai uku sun ishe shi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne mai kula da manhaja ne ke yanke hukunci, da ma'auni rubutacce, ba ƙarfin muryar mai ƙorafi ba. Kowa tasa ce ta fi zafi a wurinsa, kuma gaskiyarsa ne. Namu rahoton ban sa shi a ƙoli wajen muni ba, tunda bayanan suna nan lafiya a cikin manhajar. Amma na sa shi a gaban layi, saboda jibi za a raba sakamako, kuma duk makarantar da ke rubuta Hausa da ƙa'ida abin zai same ta.

Na wane ne?

Wani lokaci laifin ba a gidanka yake ba, yana cikin wata manhajar da taka ta dogara da ita. Mai kula da fakiti a Debian galibi ba shi ya rubuta manhajar ba, saboda haka yakan kai rahoton wurin masu ita na asali, ya sa alamar forwarded da mahaɗin inda ya kai. In kuma fakitin da aka ambata ba shi ne mai laifi ba, sai a yi reassign zuwa wanda ya dace. Kada ka ce wa mai rahoto "ba namu ba ne" ka juya baya. Kai ka san hanya, shi bai sani ba. In kuwa naku ne, a rubuta sunan mutum ɗaya a kansa. Wanda ya ɗauka ya ga ba zai iya ba, ya sauke a fili, kada sunansa ya tsare wa wasu hanya wata shida.

Neman inda aka yi tuntuɓe

Malamin ya ce zangon da ya wuce lafiya lau. Wannan ita ake kira koma-baya: abin da ke aiki da, wani canji ya karya shi. Masu kula da Linux suna ɗaukar koma-baya da zafi ƙwarai, ƙa'idar Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ita ce ba a karya wa mai amfani abin da ke masa aiki, kuma Thorsten Leemhuis ya gina manhajar regzbot musamman don bibiyar irin waɗannan rahotanni kada su salwanta.

Daɗin koma-baya shi ne akwai hanyar kama ta da lissafi. Git, manhajar da ke adana tarihin kowane canji da aka yi, na da umarnin git bisect, wanda zai tambaye ka siga ɗaya mai kyau da ɗaya marar kyau, ya kai ka tsakiyarsu. Ka gwada ka ce masa mai kyau ce ko a'a, ya sake raba ragowar biyu. Canji dubu, gwaji goma ya isa. Tsakanin sigoginmu biyu akwai canji wajen 200, a gwaji na takwas ya nuna mini mai laifin. Wani cikinmu ne, yana share abin da ya ɗauka tarkace ne, ya cire layin da ke rubuta baiti uku a farkon fayil, EF BB BF. Waɗannan baitocin su ne ke sanar da manhajar malamin cewa fayil ɗin UTF-8 ne. Babu bayani a gefen layin da ke faɗin amfaninsa, don haka ban ga abin zargi ba, a rahoton ma canjin na ambata, ban ambaci mutum ba. Masu gwada Firefox na da irin wannan kayan aiki, mozregression, wanda ke sauko da tsofaffin sigogi yana raba su biyu-biyu.

Faci, gwaji, da igiyar da ke ɗaure su

Kafin ka taɓa gyara, ka rubuta gwajin da zai faɗi saboda matsalar. Sannan ka yi faci ka ga gwajin ya wuce. Wannan gwajin zai zauna cikin manhajar yana gadi, ranar da wani ya sake cire layin, na'ura za ta yi ihu kafin abin ya kai ga makaranta. Mu mun ƙara da sauya jerin sunayen gwajinmu gaba ɗaya, muka zuba ɓ da ɗ da ƙ manya da ƙanana, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar.

Sai ka ɗaure facin da rahoton. A GitHub, in ka rubuta "Fixes" da lambar rahoto a bayanin canjin, rahoton zai rufe kansa da zarar canjin ya shiga babban reshe, wato ainihin kwafin aikin. A Debian ana rubuta "Closes:" da lambar a tarihin canje-canjen fakiti, rahoton ya rufe lokacin da sabon fakitin ya shiga rumbu, kundin kuma yana riƙe da sigar da aka ga matsalar da wadda aka gyara ta. A Linux layin "Fixes:" na nuna canjin da ya haifar da matsalar, abin da ke taimaka wa masu kula da tsofaffin sigogi su san inda za su kai gyaran, layin "Reported-by:" kuma na ajiye sunan wanda ya kawo rahoto cikin tarihi. Wannan karramawar ba ta cin kuɗi, ka riƙa yin ta in mai rahoton ya yarda.

Rahoton da ba a buɗe shi a kasuwa

In rahoto ya shafi tsaro, wato wata kafa da ɓarawo zai iya bi, tsarin ya canza. Ba a tattauna shi a fili sai gyara ya samu. Ka tanadi hanyar sirri tun kafin ranar ta zo, ka rubuta ta a fayil ɗin SECURITY.md in a GitHub kake. Irin waɗannan matsaloli ana ba su lambar CVE, tsarin da ƙungiyar MITRE ta fara a 1999, don duniya ta kira su da suna ɗaya. Heartbleed, kafar tsaro a manhajar ɓoye bayanai ta OpenSSL, mai lamba CVE-2014-0160, an bayyana ta ne ranar 7 ga Afrilu 2014, ranar da sigar da ta gyara ta ta fito. Kuma kada ka raina ƙaramin ƙorafi. A Maris 2024 Andres Freund ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, a kwamfutarsa mai sigar Debian da ake kan ginawa na cin ƙarfin na'ura fiye da kima, da jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya tono ƙofar baya da aka dasa da gangan cikin manhajar matse fayiloli ta xz, sigogi 5.6.0 da 5.6.1, kafin ta kai ga yawancin kwamfutocin duniya.

Rufewa, da faɗin a'a

Ba kowane rahoto ke ƙarewa da faci ba. Wani buƙata ce da ta saɓa wa alƙiblar aikin, wani rashin fahimta ne. Bugzilla na da WONTFIX da INVALID da WORKSFORME don irin haka. Kalmomin suna da kaushi a kunnen wanda ya kawo kuka, saboda haka kada ka bar su su kaɗai. Ka rubuta dalili cikin jimla biyu ko uku, in akwai wata hanyar da zai bi ya biya buƙatarsa ka nuna masa. In mutum uku suka kawo "matsalar" da ba matsala ba ce, to bayaninku ne ke da gyara.

Akwai ɗabi'ar da ta yaɗu wadda ba na goyon baya: a sa na'ura ta riƙa rufe duk rahoton da ya yi wata biyu ba motsi. Lissafin rahotanni zai ragu, amma matsalolin suna nan, kuma wanda ya ba da cikakken bayani yana jiran ku ne aka hukunta. In kai ke jiran amsa ta ƙi zuwa bayan tunatarwa, rufewa daidai ne, tare da cewa a sake buɗewa in an samu bayani. In kuwa ku ake jira, rahoton ya zauna. Abin da ya fi mana amfani shi ne zama na awa ɗaya duk Asabar, mu bi sababbin rahotanni da waɗanda suka fi daɗewa, kowanne mu tabbatar yana da matsayi, yana da mai shi, an kuma san abin da ake jira. Mutanen Debian kan shirya taruka musamman don murƙushe matsalolin da ke tsare fitowa, su kwana biyu suna abu ɗaya.

Na malaminmu ban bar na'ura ta rufe shi ita kaɗai ba. Washegari da hantsi na tura masa sabuwar sigar, na ce, "Malam, don Allah ka sake fitar da jerin ajin nan ka duba mini sunan da ya lalace jiya." Bayan azahar ya turo hoto, Ɗ ɗinta a tsaye da ƙugiyarta, ya ce sun fara buga sakamako. Na rubuta a rahoton cewa mai shi ya tabbatar, na sa lambar sigar da gyaran ya shiga, na koma kan layin nan na baiti uku na rubuta masa bayani a gefe da lambar rahoton, sannan na rufe.